Murnar tsira a waƙoƙin jarumta na tsohuwar Girka: tambayoyi da amsoshi

Akwai gaisuwa biyu da kan haɗu a gida ɗaya rana ɗaya. Kwale-kwale ya kife da 'yan'uwa biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya fita. Masu zuwa za su yi ta'aziyya, su juya kuma su ce wa wanda ya fita "barka da arziki". Shi kuwa bai san wacce zai fara amsawa ba. Wannan tsaka mai wuya ce mawaƙan tsohuwar Girka suka daɗe suna jujjuyawa, kuma tambayoyin da ke ƙasa a kanta suke.

Waɗanne waƙoƙi ake nufi?

Guda biyu ne ginshiƙi: Iliyad da Odisi, waɗanda ake jingina wa mawaƙi Homa. Yawancin masana suna sa su tsakanin ƙarshen ƙarni na 8 da ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Iliyad tana da layi sama da 15,600, Odisi kuma kusan 12,100, an raba kowacce babi 24. Iliyad ta ɗauki kwana hamsin da 'yan kai ne kawai daga shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka kai wa birnin Turoy. Odisi labarin komawar Odisiyus gida ne, tsibirin Itaka, bayan shekara goma a fagen fama da wasu goma a hanya.

Akwai wata waƙa mai suna Nostoi, wato "komawa gida", mai babi biyar, da ta ba da labarin dawowar sauran jaruman. Ta ɓace, sai taƙaitaccen bayaninta da 'yan gutsattsari.

Da waɗanne kalmomi Homa yake faɗar wannan murna?

Girkanci yana da kalmomin farin ciki na yau da kullum, irin su khairo da getheo, kuma Homa yana amfani da su ko'ina. Amma akwai biyu da suka fi manne wa kuɓuta.

Ta farko asmenos. Ana fassara ta da "mai murna", sai dai a bakin Homa ta fi zuwa tare da "daga mutuwa". Masana asalin kalmomi da yawa suna ganin saiwarta ɗaya da nostos, komawa gida, da fi'ilin neomai, wato in koma. Wannan saiwa, nes, ita ce kuma ta ba Jamusanci kalmar genesen, warkewa daga ciwo. In haka ne, ma'anar farko ta asmenos ita ce "wanda ya dawo da rai", murnar daga baya ta shigo cikinta. Wasu masanan sun saɓa, suna haɗa ta da kalmar jin daɗi. Hujjar farko ta fi dacewa da yadda kalmar ke zama a cikin waƙoƙin.

Ta biyu aspasios, abin da aka yi marhabin da shi bayan dogon jira: ƙasa ga wanda ke ninƙaya, faɗuwar rana ga manomin da ya yini yana huɗa, ganuwa ga wanda aka koro. Ba murnar biki ba ce. Ta fi kusa da ajiyar zuciya.

Wane layi ne aka fi kafa hujja da shi?

Layuka biyu ne da Odisiyus ke maimaitawa yana ba da labarin tafiyarsa. Ma'anarsu: "Daga nan muka ci gaba da tafiya, zukata a ɓace, muna murnar kuɓuta daga mutuwa, mun kuwa rasa abokai ƙaunatattu."

Sun zo sau uku cif. Na farko a babi na 9, layi na 62 da 63, bayan faɗa da wata al'umma mai suna Kikonawa, inda kowane jirgi cikin goma sha biyu ya rasa mutum shida, wato 72. Na biyu a ƙarshen babin, layi na 565 da 566, bayan ƙaton nan mai ido ɗaya, Folifimus, ya cinye shida daga cikin goma sha biyun da suka shiga kogonsa tare da Odisiyus. Na uku a babi na 10, layi na 133 da 134, bayan ƙattin Laistirigon sun ragargaza jirage goma sha ɗaya da duwatsu, saura na Odisiyus kaɗai, shi ma don ya ɗaure shi a wajen mashigar, ya zare takobi ya sare igiya.

A lura da ginin layi na biyun. Kalma shida ne: asmenoi ek thanatoio, philous olesantes hetairous. Karin waƙar Homa ƙafa shida ne, kuma yawanci akwai wurin numfasawa a cikin ƙafa ta uku. A nan wurin numfasawar ya faɗo daidai tsakanin kalma ta uku da ta huɗu: gaɓa takwas na murna, numfashi, gaɓa tara na rashi. Mai rerawa ba zai iya faɗar rabin farko ya tsaya ba, domin kari bai cika ba.

Maimaita layi ɗaya sau uku ba kasala ba ce?

A'a. Waƙoƙin nan daga baka suka fito. Milman Parry, wanda ya naɗi muryoyin mawaƙan baka a Yugosilabiya tsakanin 1933 da 1935, da almajirinsa Albert Lord, sun nuna cewa mai tsara doguwar waƙa yana rerawa yana dogara ne da shiryayyun jimloli da suka dace da kari. Wanda ya saba jin amshi a waƙoƙin fada da na maza ba zai yi mamaki ba.

Amma maimaicin yana aiki. Kalmomin ba su canjawa, lissafin ne ke canjawa. Karon farko masu murnar sun cika jirgi goma sha biyu, karo na uku jirgi ɗaya ne. Bayan haka layin murnar bai sake zuwa ba. Da dodanniya Sikila mai kai shida ta ɗauke mutum shida, ba a ce an yi murna ba. Da tsawa ta farfasa jirgin ƙarshe a babi na 12, babu sauran "mu" da za su faɗe shi.

Yaya Homa yake nuna tsira a jikin mutum?

Wurin da ya fi cika shi ne rabin ƙarshe na babi na 5 na Odisi, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki.

Odisiyus ya yi kwana huɗu yana haɗa abin hawa da itatuwa ashirin da ya sare, ya tashi a na biyar. Ya yi kwana goma sha bakwai a teku, a na sha takwas ya hango duwatsu. Sai Fosaidon, abin bautarsu mai mulkin teku, ya tayar da guguwa ya wargaza katakon. Ya yi yini biyu da dare biyu yana cikin ruwa. A rana ta uku iska ta kwanta, igiyar ruwa ta ɗaga shi, ya ga ƙasa. A nan murna ta zo, layi na 394 zuwa 398.

Mai gaggawa zai ɗauka an gama. Ba a gama ba, domin da ya matso sai ya ji ƙarar ruwa a kan duwatsu, babu wurin fita. Ruwa ya maka shi da dutse, ya rungume shi, ruwan ya dawo ya fizge shi, fatar hannunsa ta saura a jikin dutsen. Ya ci gaba da ninƙaya gefe-gefe har ya sami bakin wani kogi, ya roƙi kogin. Da ya fito gwiwoyi sun saki, jiki ya kumbura, ruwan gishiri na kwarara ta baki da hanci, ba numfashi ba magana. Da ya farfaɗo ya kwanta cikin ciyayin bakin kogi ya sumbaci ƙasa, layi na 463. Nan take kuma lissafi ya dawo: in ya kwana a bakin kogi sanyin asuba zai kashe shi, in ya hau daji namun dawa. Ya zaɓi dajin, ya shiga ƙarƙashin zaitun biyu da suka sarƙe, ya tara busasshen ganye. Homa ya ce da ya ga tarin ganyen sai ya yi murna. Sarkin da ya ci birnin Turoy ke nan, yana murna da ganye.

An rufe babin da kamance: kamar mutumin da ke zaune a gona mai nisa, ba maƙwabci, ya binne garwashi cikin toka don ya ajiye "irin wuta". Duk gidan da aka taɓa ɗebo wuta a maƙwabta an san abin da ake nufi. Abin da ya rage na rai ɗan kaɗan ne, rufe shi ake yi, ba fifita ba.

Me ya sa ake yawan haɗa babi na 5 da na 23?

Saboda kamance biyu da ke kallon juna. A babi na 5, ganin ƙasa ya yi wa Odisiyus daɗi kamar yadda 'ya'ya ke jin daɗin ganin mahaifinsu ya tashi daga doguwar jinya. Wanda ke cikin teku, an kwatanta shi da na cikin gida.

A babi na 23, layi na 233 zuwa 240, an juya. Matarsa Fenelofi ta gwada shi da sirrin gadonsu, wanda ƙafarsa ɗaya kututturen zaitun ne mai saiwa a ƙasa, ta tabbata shi ne, ta rungume shi. Sai mawaƙin ya ce: kamar yadda ƙasa ke yi wa masu ninƙaya daɗi, waɗanda Fosaidon ya fasa jirginsu, 'yan kaɗan suka fita, gishiri ya bushe a fatarsu, suka taka tudu da murna... Mai sauraro yana jiran a ce "haka matar ta yi masa daɗi", tunda shi ne ya sha teku. Sai aka ce haka mijin ya yi mata daɗi. Ita da ba ta bar ɗaki ba, ita ce aka mayar wadda jirgi ya kife da ita. Shekara ashirin na jira, da masu neman aurenta 108 da suka cinye dukiyar gidan, an lissafa su a matsayin teku. A kowane ɗaya daga kamancen biyu kalmar aspasios da 'yar'uwarta sun zo sau uku.

A Iliyad fa, waƙar da kusan duka kisa ce?

Akwai, amma gajera ce, kuma yawanci ba a zuciyar wanda ya tsira take ba, a idon mutanensa take. A babi na 7, Hekta, babban jarumin Turoy, ya gwabza da jarumin Girkawa Ayas ɗan Telamon har dare ya raba su, suka yi musayar kyauta, takobi da ɗamara. Mutanen Turoy suka yi murna da suka ga Hekta yana tahowa "da rai kuma lafiya lau", alhali sun fid da tsammani. Kalmomi guda aka yi wa Ainiyas, wani jarumin ɓangaren Turoy, a babi na 5, aka ƙara cewa abokansa ba su tambaye shi komai ba, domin yaƙi bai bar su ba.

Mafi ɗaci shi ne ƙarshen babi na 21. Akilis, babban jarumin Girkawa, ya koro rundunar Turoy, an buɗe ƙofofi, suka kwararo cikin birni da murna. Homa ya ce ba wanda ya yi ƙarfin halin tsayawa a wajen ganuwa ya jira ɗan'uwansa, ya san wa ya fita wa ya mutu. Babi na 22 ya buɗe da su kamar 'ya'yan barewa, suna shan ruwa suna busar da gumi. Mutum ɗaya ya rage a waje, Hekta, kuma a babin aka kashe shi.

Murna tana iya jawo halaka?

Idan ta fita daga zuciya ta hau harshe, ƙwarai. Misali uku sun isa.

Ayas ɗan Oyiliyus, wanda ba shi ne na sama ba, jirginsa ya fashe a hanyar komawa, Fosaidon ya fitar da shi kan dutse. Ya riga ya tsira. Sai ya yi alfahari cewa ya kuɓuta ko alloli sun so ko sun ƙi. Fosaidon ya tsaga dutsen, ɓangaren da yake zaune a kai ya faɗa teku da shi. Wannan yana babi na 4 na Odisi.

Odisiyus da kansa ya yi irin wannan. Ya fita daga kogon Folifimus da sunan ƙarya, "Ba Kowa". Da jirgi ya yi nisa, mutanensa na roƙonsa ya yi shiru, sai ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na garinsa. Da wannan suna ne ƙaton ya yi masa baki: in ma ya isa gida, ya isa a makare, ya rasa duk mutanensa, a jirgin wasu, ya tarar da masifa a gida. Ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba.

Na Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, daban ne, shi bai yi alfahari ba, sakin jiki ya yi. Ya taka ƙasarsa da murna, ya sumbace ta, hawaye na zuba. Ashe Aigistus, wanda ya ƙwace masa mata, ya ajiye ɗan leƙen asiri shekara guda yana jiran wannan rana. Aka kira shi liyafa, mutum ashirin na ɓoye, aka kashe shi kamar sa a wurin cin harawa. Shi ya sa da Odisiyus ya sumbaci ƙasar Itaka a babi na 13, abin da ya biyo baya shi ne ɓoye kayansa a kogo da shigar bara.

Ya kuwa koyi darasin. A babi na 22, bayan an gama da masu neman auren, tsohuwar da ta rene shi, Yurikileya, ta ga gawarwaki za ta rangaɗa guɗa. Ya hana ta, ya ce ta yi murnarta a zuci, bai halatta a yi alfahari a kan waɗanda aka kashe ba.

Ba suna ne jaruman nan suka fifita a kan rai ba?

Wannan ita ce fahimtar da ta fi yaɗuwa, kuma rabin gaskiya ce. A babi na 9 na Iliyad Akilis ya ce ƙaddara biyu ke gabansa: ya tsaya ya mutu sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya daɗe ba suna. Amma a jawabin nan dai ya ce duk dukiyar Turoy ba ta kai ransa ba, domin shanu da tumaki ana iya kwaso su a hari, ran mutum kuwa in ya wuce shingen haƙora ba ya dawowa. Daga baya ya koma fage, ba don suna kaɗai ba, don an kashe amininsa Fatirokilus. A babi na 11 na Odisi kuma, da Odisiyus ya same shi a lahira yana yaba masa, ya ce ya fi son ya zama ɗan ƙwadago a gonar talaka, yana da rai, da ya mulki duk matattu.

Sai dai rai kawai ma bai wadatar ba. Kalifso, wata abar bauta, ta riƙe Odisiyus a tsibirinta shekara bakwai, ta yi masa tayin rashin mutuwa da rashin tsufa, ya ƙi. Kullum yana bakin teku yana kuka. A wurin Homa wanda ya fita daga ruwa bai gama tsira ba sai ya koma inda aka san shi.

Me ya sa masu tsira ke ta kuka da cin abinci?

Domin haka abin yake. Da Odisiyus ya dawo wurin jirgi daga gidan matsafiya Sirsi, mutanensa suka kewaye shi kamar 'yan maruƙa sun ga iyayensu sun dawo kiwo, amma kuka suke. Da shi da ɗansa Telemakus suka gane juna a babi na 16, kukansu ya fi na tsuntsayen da aka kwashe wa 'ya'ya, kamancen rashi a wurin samu. Andiromaki, matar Hekta, an ce ta yi "dariya mai hawaye".

Abinci kuma shi ne alamar an yarda a ci gaba da rayuwa. Bayan Sikila sai da suka ci suka ƙoshi, sannan suka tuna da waɗanda ta cinye suka yi kuka, barci ya ɗauke su suna kukan. A babi na 24 na Iliyad Akilis ya ce wa tsoho Firiyam, sarkin Turoy, wanda ya zo karɓar gawar ɗansa Hekta, su ci abinci, domin Niyobi ma ta tuna da ci bayan ta rasa 'ya'ya goma sha biyu. Makiyayin aladu Yumayus ne ya ƙara wani mataki a babi na 15 na Odisi: wanda ya sha wuya ya yi yawo, daga baya har wahalarsa yakan ji daɗin tunawa. Menelawus kuwa, ɗan'uwan Agamemnon, bai kai nan ba. Ya dawo da dukiya a shekara ta takwas, ya ce ba ya jin daɗinta, ya gwammace ya rage da sulusi mutanen su dawo.

In zan fassara waɗannan wurare zuwa Hausa, ina ake tuntuɓe?

Wuri uku. Na farko, fassara asmenos da "farin ciki" ko "annashuwa" yana sa layin ya yi kama da rashin tausayi, kamar suna shagali abokai na kwance. "Mun sha da ƙyar" ko "mun tsallake rijiya da baya" sun fi kama ma'anar, ko da yake na biyun karin magana ne da kan janye hankali daga teku zuwa rijiya. Na biyu, sha'awar cusa "amma" tsakanin rabi biyun layin. A Girkancin babu ita, an jera su ne kawai, kuma "amma" takan sa ɗaya ya rinjayi ɗaya. "Kuwa" ta fi sauƙi. Na uku, canja lafazi don gudun maimaici. In aspasios ta zama "daɗi" a nan, "marhabin" a can, "murna" a gaba, zaren da ya ɗinke babi na 5 da na 23 ya tsinke. A zaɓi kalma ɗaya a riƙe ta.

Ta ina zan fara in ba ni da lokacin babi 48?

A fara da Odisi babi na 5, sannan 9, 10 da 12 a jere, ana rubuta adadin jirage da mutanen da suka rage bayan kowane zango. Sai tsakiyar babi na 4 don Ayas da Agamemnon, sai 23. Daga nan a koma Iliyad: 6, 7, ƙarshen 21 da farkon 22, sai 24. A nemi fassarar da ke da lambobin layi a gefe, domin fassarar zube ba ta bin lissafin asali, kuma wasu na waƙa sukan tsawaita. Ma'ajiyar Perseus ta Jami'ar Tufts tana da matanin Girkanci kyauta a intanet, ana danna kalma a ga ma'anarta. Masu Larabci suna da fassarar Iliyad ta Sulaiman al-Bustani, a waƙe, wadda aka buga a Alƙahira a 1904.

Waƙar ta ƙare da murna ke nan?

Tun zamanin da ake jayayya a kan inda ta ƙare. Bayanan gefen tsoffin rubuce-rubuce sun ce manyan malaman Iskandariyya biyu, Aristofanis na Bizantiyum da Aristarkus, sun ɗauki babi na 23, layi na 296, a matsayin ƙarshe ko maƙurar Odisi. Layin ya fara da aspasioi: miji da mata sun koma tsohon gadonsu da murna. Afoloniyus na Rodos, wanda ya tsara waƙar matafiyan jirgin Argo a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya fara layinsa na ƙarshe da wata siffa ta wannan kalma, jaruman na sauka a gaɓar Fagasai, kuma masana da yawa suna ganin da gangan ya yi.

Amma matanin da ya iso hannunmu ya zarce zuwa babi na 24, inda ake jin ɗaya ɓangaren. Mutanen Itaka sun kwashe gawarwakin 'ya'yansu, suka taru a dandali. Yufaitis, mahaifin Antinowus jagoran masu neman auren, ya tashi yana kuka ya yi lissafi: mutumin nan ya tafi da mutane masu yawa, ya hallaka jirage, ya hallaka mutanen, ya dawo ya kashe mafi kyawun waɗanda suka rage. Suka ɗauki makamai. Tsoho Layatis, mahaifin Odisiyus, yana murnar ganin ɗansa da jikansa suna gasar jarumta, ya jefi Yufaitis da mashi ya kashe shi. Zus, babban abin bautarsu, ya riga ya yanke cewa za a sa mutanen su manta da kisan 'ya'yansu da 'yan'uwansu. Atina, abar bautar da ke goyon bayan Odisiyus, ta daka tsawa a daina, Zus ya jefo aradu a gabanta, aka yi rantsuwar sulhu.